Kamun kifi a bazara: mu san kifin da muke nema kafin mu sayi kaya

Sanyi ya wuce, rana ta fara zafi. A wannan lokaci babu aikin gona sai sassabe da kai taki. Samarin Adar da yawa suna can wurin cin rani. Cikin waɗanda suka zauna gida, wasu sun koma garka, wasu suna bugun tubali, wasu kuwa sun fara duban ruwa. Saboda su muka keɓe shafin wannan karo.

Mu mutanen Takanamat da arewacin Adar ba mu gaji kamun kifi ba. Noma da kiwo muka tarar a hannun iyaye. Amma jiharmu ta Tawa tana da tabkuna masu daɗewa da ruwa, kuma ma'aikatan gandun daji sun sha zuba irin kifi a cikinsu. Duk wanda ya bi hanyar Agadas ya san Tabalak, wajen kilometir 50 daga Tawa, inda ake tarbar matafiya da soyayyen kifi. Akwai kuma tabkin Ɗan Dutsi can wajen Bagarwa. A shekarar 2005 aka sa waɗannan tabkuna biyu cikin jerin ruwayen da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Wanda bai gaji sana'a ba, a kasuwa yake fara yin hasara. Mutum ya sayar da akuya, ya shigo Tawa ranar Lahadi, ya tsaya gaban mai kayan su. Abin da aka miƙo masa, shi yake karɓa. Ya isa bakin ruwa, ya tarar ƙugiyar ta fi bakin kifin girma, ko zaren bai iya riƙe kifin da ya kamu. Akuya ta tafi, kifi bai zo ba. Mai shago ba shi ne zai shiga ruwan ba. Don haka mai saye ne ya kamata ya zo da saninsa.

Kowane kifi da irin bakinsa

Kifi uku ne suka fi muhimmanci a tabkunanmu, kuma ba abinci ɗaya suke ci ba.

Na farko tarwaɗa. Ita ce ta fi kowa juriya. Tana da wata halitta a cikin kanta da ke ba ta ikon shaƙar iska kamar dabbar tudu, shi ya sa take rayuwa cikin taɓo inda sauran kifi ke mutuwa. Idonta ƙarami ne, ba da shi take farauta ba. Da gashin bakinta take lalube, da shi take jin ƙanshi da ɗanɗano. A ƙasan ruwa take kiwo, galibi da dare. Bakinta faɗi gare shi, kuma ba ta da zaɓen abinci. Mai neman tarwaɗa, abu mai wari zai nema, ya ajiye shi a ƙasa.

Na biyu gargaza, wadda wasu ke kira karfasa. Bakinta ƙarami ne. Abincinta gansakuka da ƙananan tsirran da ke sa ruwa ya yi kore, sai ɗan ƙwaro nan da can. Da rana take yawo, garke-garke, kusa da gaɓa. Ba ta haɗiye ƙoto gaba ɗaya, tsattsaga take yi kamar kaza.

Na uku giwan ruwa. Wannan mafarauci ne, kifi yake ci. A manyan ruwaye kamar kogin Kwara da tabkin Cadi yakan wuce kilo 100, amma a tabkunanmu ba ya kai haka. Yana son wuri mai zurfi da ruwa mai iska. Idonsa yana ƙyalli cikin duhu kamar na kyanwa, kuma da almuru da asuba yake fita farauta. Abin da ke motsi yake kai wa hari.

Akwai ragon ruwa da ƙurungu a wasu tabkuna, kuma abin da ke kama tarwaɗa yakan kama su. Akwai kuma gaiwa, wadda ke binne kanta cikin laka idan ruwa ya ƙafe, ta kwanta har damana ta dawo, tana rayuwa da naman jikinta. Daga nan aka samo maganar cewa gaiwa jikinta take ci.

Kafin a sayi ko ƙugiya ɗaya, a je bakin tabkin da safe lokacin da masunta ke fitowa. A duba abin da ke cikin kwandonsu. A gaida sarkin ruwa, a tambaye shi. Tabkin da ke ƙafewa kowace shekara ba ya riƙe giwan ruwa, don haka sayen babbar ƙugiya dominsa zubar da kuɗi ne.

Abin da bazara ke yi wa ruwa

Daga watan Maris zuwa Mayu, rana da dabbobi da masu garka duk suna shan tabki. Ruwa yana janyewa, kifi yana taruwa a wuri kaɗan. Zafi yana sa kifi yunwa, ya fi cin ƙoto a kan lokacin ɗari. Wannan alheri ne ga mai fatsa.

Sai dai ruwa mai zafi bai riƙe iska da yawa. Da asuba iskar ta fi ƙaranci, shi ya sa ake ganin kifi ya taso sama yana buɗe baki. Kifin da ya mutu cikin raga a irin wannan ruwa bai daɗewa yake ruɓewa. Wanda ya kafa raga da magariba, kada ya bari rana ta fito bai duba ta ba. Da tsakar rana kuwa kifi yana gudu zuwa rami mai zurfi da inuwar itatuwan da ke tsaye cikin ruwa. Waɗannan itatuwa su ne maɓoyar kifi, su ne kuma masu cin raga da ƙugiya. A riƙa tuna su wajen zaɓen kaurin zare.

Lambar ƙugiya da lambar zare

A nan ne karatun da muka yi a aji zai yi mana rana. Kowane kwalin ƙugiya yana da lamba a jikinsa. Ga abin da ke ruɗa mutane: idan lamba ta hau, ƙugiya ƙanƙancewa take yi. Lamba 16 ƙarama ce ƙwarai. Lamba 10 matsakaiciya ce. Lamba 5 babba ce. A irin ƙugiyar da masuntanmu suka saba da ita, mai neman gargaza zai duba wajen lamba 14 zuwa 16. Mai neman tarwaɗa ya duba 9 zuwa 12. Mai neman giwan ruwa ya duba 5 zuwa 7.

Wani lokaci za a ga lamba da sifiri a gefenta, kamar 2/0 ko 4/0. Waɗannan manya ne, kuma lissafinsu a juye yake: 4/0 ta fi 2/0 girma. Ban da haka, kamfanoni ba su yi daidai da juna wajen awo ba. Lamba 10 ta kamfanin Mustad na ƙasar Norwe, wanda tsofaffin masunta suka fi sani, tana iya bambanta da lamba 10 ta wani kamfani na ƙasar Sin. Dabarar ita ce a roƙi ƙugiya ɗaya wurin masuncin da ke kama kifi a tabkin, a soke ta jikin guntun kara, a tafi da ita kasuwa a gwada.

Idan ana shakka tsakanin lamba biyu, mu dai shawararmu a ɗauki ƙaramar ƙugiyar. Ƙaramar ƙugiya mai ƙarfi takan kama babban kifi. Babbar ƙugiya ba ta shiga ƙaramin baki ko da an kwana ana jira.

Kada a biya kuɗi sai an buɗe kwalin. A ɗauki ƙugiya ɗaya, a ja tsininta a hankali bisa farcen babban yatsa. Mai kaifi tana kama farce, dakusasshiya tana zamewa. A gwada buɗe ta da hannu. Idan ta miƙe kamar waya, kifi ma zai miƙe ta. Idan ta karye nan take, ƙarfen ya yi gautsi. A duba kunnenta, wato ɗan tsinin da ke hana ta fita daga bakin kifi, a tabbata yana nan. A duba tsatsa a ƙasan kwali, domin kwalin da ya sha damana a shago daga ƙasa yake fara lalacewa. Araha ba ta ado.

Lambar zare kuwa ba ta bin hanyar lambar ƙugiya. A nan, idan lamba ta hau, zare kauri yake ƙarawa. Zare iri biyu ne. Akwai murɗaɗɗen zaren lailan, wanda ake rubuta wa lamba kamar 210D/9 ko 210D/36. Lambar ƙarshe ita za a duba: 9 siriri ne, 36 kakkaura ne. Akwai kuma zaren roba mai sili ɗaya, mai kamar ruwa, wanda ake auna kaurinsa da milimetir: 0,25 ko 0,40 ko 0,70. Wasu kamfanoni ɗigo suke sawa maimakon waƙafi, amma lissafin ɗaya ne. Gargaza tana da ido, tana gudun kakkauran zare, don haka 0,25 ya ishe ta. Tarwaɗa tana son 0,40 zuwa 0,50. Giwan ruwa yana da kaifi a marfin kumatunsa da ke yanke siririn zare, sai a ba shi 0,70 ko fiye.

Rana tana cin zaren roba. Wanda ya daɗe a rataye a bakin shago yakan yi fari-fari, ya bushe. A ƙulla shi, a jiƙa ƙullin da miyau, a ja da ƙarfi. Idan ya tsinke a wurin ƙulli ba da wahala ba, a bar wa mai shi kayansa.

Ƙoto

Mafi yawan ƙoto ba saye ake yi ba, yana nan kewaye da mu. Tana ita ce kan gaba, kusan kowane kifi yana cin ta. A bazara ƙasa ta bushe, amma ana samun ta a garka, da bakin rijiya, da inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. A ajiye ta cikin gwangwani da danyar ƙasa, a inuwa. Gara da fara su ma suna aiki.

Domin tarwaɗa, hanjin kaza da ya kwana, da guntun kifi, da ɗan kwaɗo, duk suna jawo ta. Wasu masunta har guntun sabulu suke sa mata, kuma tana ci. Abin da ake so shi ne warin ya bi ruwa, kuma ƙoton ya zauna a ƙasa. Domin gargaza, a kwaɓa dusa da ɗan tuwo har ta yi danƙo, a mulmula kamar ƙwayar wake. Idan mutum ya riƙa watsa ɗan dusa a wuri ɗaya kwana biyu ko uku, garken zai saba da wurin. A ɗaura guntun totuwar kara a zaren domin ya yi iyo a sama, a daidaita shi yadda ƙoton zai tsaya kusa da ƙasa ba tare da ya nutse cikin laka ba. Totuwa ta yi rawa, a dakata. Ta nutse, a fizga.

Giwan ruwa ɗan kifi mai rai yake so. A soke ƴar gargaza ta baya, ƙarƙashin ƙayar gadon bayanta, yadda za ta ci gaba da iyo.

Akwai kuma ƙoton ƙarya, wanda wasu ƴan cin rani ke kawowa tsaraba: ɗan kifin roba, ko ƙarfe mai walƙiya kamar cokali, da ƙugiya a wutsiya. A Amurka da Kanada akwai wani kifi da suke kira wolai. Halinsa ya yi kusa da na giwan ruwa: kifi yake ci, idonsa na gani cikin duhu, da almuru yake farauta. Idan ƙanƙarar hunturu ta narke a tabkunansu, masu fatsa sukan fita nemansa da ƙugiya mai kan dalma, wadda suke sa wa ɗan kifi ko wutsiyar roba, suna ɗagawa suna saki a hankali kusa da ƙasa. Idan ruwa ya yi duhu sukan zaɓi launi mai haske. A jihar Minesota, a yawancin tabkuna, ba a buɗe kamun wannan kifi sai watan Mayu, bayan ya gama zuba ƙwai.

Shin wannan kaya zai yi aiki a nan? Ga giwan ruwa, i, amma da sharaɗi. Ƙoton ƙarya ba ya wari, ido yake yaudara. Ruwan Adar kuwa jan ruwa ne mai laka, musamman da damana da kuma wurin da shanu ke shiga. A gwada haka: a tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan ana ganin yatsu, cokali zai yi aiki. Idan ba a gani, a koma ga ɗan kifi mai rai. Kuma ba sai an sayi na kanti ba. Maƙeri zai iya yanke kan tsohon cokali, ya huda shi gaba da baya, ya sa zobe da ƙugiya. Abu ɗaya da za a saya shi ne ɗan ƙarfen nan mai juyawa da ake sawa tsakanin zare da cokali, in ba haka ba zaren zai murɗe ya cukurkuɗe. Cokali ba a ajiye shi a jira. Jefawa ake yi ana jawowa. Ga tarwaɗa da gargaza kuwa, kada wanda ya ɓata kuɗinsa a kansa.

Dogon zare mai ƙugiya da yawa

Fatsa tana ciyar da gida. Wanda ke son ya kai kasuwa, yakan shimfiɗa dogon zare mai ƙugiyoyi ya kwana cikin ruwa. Mu yi lissafinsa tare, kowa ya ɗauko alli.

Mu ce muna da kwali ɗaya mai ƙugiya 100. Tsakanin kowace ƙugiya da ƴar'uwarta za mu bar metir 1 da rabi. Ke nan uwar zare za ta ci metir 150. Mu ƙara metir 5 a kowane gefe domin ɗauri a turke, ya zama metir 160. Kowace ƙugiya tana rataye da ɗan zare mai santimetir 40, mu ƙara 10 domin ƙulli, ya zama 50. Sau 100, metir 50 ke nan. Uwar zare ta zama kakkaura, kamar 210D/36. Ƴaƴan su zama sirara, kamar 210D/9 ko 210D/12. Dalili shi ne, idan ƙugiya ta maƙale a itace, ɗan zaren ne zai tsinke, uwar ta tsira. Kuma tazarar da ke tsakanin ƙugiya biyu dole ta fi tsawon ƴaƴan zare biyu, don kada su sarƙe da juna.

Akwai mamarin da ba a sa wa ƙoto, wanda ake jera ƙugiyoyi kusa da kusa domin su soki duk abin da ya gitta. Ba mu ba sabon masunci shawarar sa. Yana ji wa kifi da yawa rauni su kuɓuce su mutu a banza. Kuma tabkunanmu ba na masunta kaɗai ba ne. Shanu da raƙuma suna sha, yara suna wanka, mata suna ɗiba. Saniya ɗaya da ƙugiya ta kama a baki ta isa ta haɗa masunci da makiyayi faɗan da sai an je gaban hakimi. Kowane irin zare aka shimfiɗa, a nisanta shi da mashaya, a sa masa alama da ake gani daga nesa.

Gura, wadda ake kira gurar Mali, ita ma tana da kyau ga mai ƙaramin jari. Da sanduna da guntun raga ake yin ta, a sa dafaffiyar dusa a ciki. Kifi yana zama da rai a cikinta, don haka mutum zai ɗauki manya ya saki ƙanana.

Idon raga

Raga ita ce ta fi tsada, ita ce kuma ta fi jefa mutane cikin bashi. Mai sayen kifi ya ba ka raga bashi, sannan shi zai yanka wa kifinka kuɗi har ka gama biya. A ganinmu, gara mutum ya fara da fatsa da kwalin ƙugiya ɗaya na kansa, ya tara ribar, kafin ya kai ga birgi ko kalli.

Idan lokacin sayen raga ya yi, idonta za a fara dubawa. Da yatsu ake auna shi. Dokar kamun kifi ta ƙasarmu ta ranar 7 ga Disamba 1998 ta hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimetir 6 idan an ja shi ya miƙe. Ta hana tarun da ake ja yana share ƙasan ruwa. Ta hana guba, da nakiya, da lantarki. Ta kuma wajabta takardar izini. A 2021 an yi sabuwar doka da ta haɗa kamun kifi da kiwonsa. Kafin a biya kuɗin raga, a biya ta ofishin ma'aikatan gandun daji, a yanki takarda, a ji abin da aka yarda da shi a tabkin da za a shiga. Ragar da aka kama ta saɓa doka, ƙwace ta ake yi, kuma mai shago ba ya mayar da kuɗi.

Ga dalilin wannan doka. Idan ruwa ya yi ɗumi, namijin gargaza yana haƙa ɗan rami kamar akushi a wuri marar zurfi. Macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su cikin bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa, a nan take ɓoye ƴaƴan har su yi ƙwari, kuma duk tsawon kwanakin nan ba ta cin abinci sosai. Taru idan ya bi gaɓa, yana rushe ramukan, ya kwashe uwa da ɗaruruwan ƴaƴa a bakinta. Tabkinmu kuma ba kogi ba ne. Babu inda wani kifi zai fito ya maye gurbin wanda aka share, sai dai a jira a sake zubo iri daga wani wuri. Raga mai yatsa uku tana barin ƙaramar gargaza ta wuce, ta girma, ta haihu, sannan ta kamu tana da nauyin da za ta yi kuɗi.

Sange kuwa, wato gidan sauro, ba kayan su ba ne. Idonsa bai bar ko ƙwai ba. Maganin da ke jikinsa guba ne ga kifi. Kuma duk sangen da ya shiga tabki, wani yaro ne aka bari a hannun sauro.

Lafiyar mai kamun kifi

Dalmar da ake sa wa zare da raga domin su nutse guba ce. Kada a matse ta da haƙori, kamar yadda muke ganin yara suna yi. Kada a narka dalmar tsohon batir cikin tukunyar abinci, ko a cikin gida kusa da yara. A 2010, gubar dalma daga dutsen zinariya da ake daka wa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara ta Nijeriya. Gasasshen yumɓu mai huda, ko ɗan dutse, ko tsohon noti, duk suna nutsar da zare.

Babbar cutar mai shiga tabki ita ce tsargiya. Ba rana ke kawo ta ba, ba kuma alamar balaga ba ce. Tsutsa ce da ido bai gani, tana girma cikin ƙananan katantanwa na bakin ruwa, ta fito ta huda fatar mutum. Bayan wani lokaci sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Idan an ƙyale ta shekaru, tana lalata mafitsara da ƙoda. Tana da magani, ƙwayar farazikantel, wadda aka fara rabawa jama'a a ƙasarmu tun 2004. Wanda ya ga jini ya je likita. Wanda ke shiga ruwa kullum ya sha maganin duk lokacin da aka zo rabo, domin ana sake kamuwa. Kada a yi fitsari ko bayan gida a cikin tabki ko bakinsa, ta nan ƙwan tsutsar ke komawa ruwa. Wannan ma wani dalili ne na fifita fatsa daga gaɓa ko daga jirgi a kan tsayuwa cikin ruwa har ƙugu. Dogon takalmin roba yana cikin kayan su, a sa shi cikin lissafi.

Ƙugiya idan ta shige nama har kunnenta ya ɓace, kada a fizge ta baya, tsaga naman za ta yi. A yanke zaren, a ɗaure wurin da tsumma mai tsabta, a tafi likita a cire, a kuma yi allurar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai dafi a gefen kai. A kama su ta bayan ƙayar. Idan ta soki mutum, a wanke da sabulu, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, zogin zai sauka.

Maganin ƙwarin wake ko na auduga ba ya kusantar kifi, ko a ruwa ko a wurin shanya. Wasu suna yayyafa shi a busasshen kifi don ƙuda da ƙwari. Wanda ya ci, shi ya sha maganin. Gishiri da banda mai kyau sun isa.

Ajiyar kaya

Bayan kowace fita, a wanke ƙugiyoyi, a shanya, a shafa musu ɗan man gyaɗa, a jera su a bakin ƙwarya ko jikin kara inda yara ba su kaiwa. Raga da zare a inuwa ake shanya su, a rataye su nesa da ɓera. Ragar da ta yage kada a jefar da ita cikin tabki, domin lailan ba ya ruɓewa, za ta ci gaba da kashe kifi ba mai ɗauka.

Muna roƙon kowane ɗalibi mai wannan sana'a ya keɓe ɗan littafi. Ya ja layi huɗu: rana, lambar ƙugiya, irin ƙoto, yawan kifi. Ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya sayar. Ya zo da shi aji, malami zai taimaka wajen haɗa jimla.

Idan ruwan farko ya sauka, ƙoramu suka fara zuba cikin tabki, za a ga tarwaɗa tana hawa cikin ciyawar da ruwa ya rufe, da dare, har ana iya kama ta da hannu. Ƙwai ta zo zubawa, kuma kowace babbar mace tana ɗauke da dubbai. A wannan mako a naɗe zare, a rataye raga, a ɗauki kalme a tafi shuka.